Yadda Ake Ɗaura Madubin Ƙofa a Tsohuwar A-kori-kura Ya Zauna Daram

Tsohuwar a-kori-kura takan yi shekara talatin ko arba'in injinta na tashi da bugu ɗaya, amma da wuya ka tarar da madubanta na asali suna nan lafiya. Wani an goga shi a jikin gini, wani reshen bishiya ya ɗauke shi, wani kuma yana nan a maƙale amma da zarar mota ta ɗauki gudu sai ya kama karkarwa kamar mazari, ba abin da kake gani a cikinsa sai dishi-dishi. A ƙaramar mota abin da sauƙi, tunda akwai madubin tsakiya. A-kori-kura kuwa da an lafta mata kaya a baya madubin tsakiya ya tashi daga aiki, idanunka na baya su ne waɗannan biyun da ke jikin ƙofa.

Mafi yawan masu yin wannan gyara a gida hankalinsu na kan madubin: wanne ya fi kyau, wanne ya fi faɗi. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Fatar ƙarfen ƙofar mota ba ta cika kai kaurin milimita 1 ba, ga shekaru sun ci ta, ga tsatsa ta kewaye ramukan sukuru. Ko madubin da ya fi kowanne inganci ka ɗora a kan irin wannan wuri, rawa zai yi. Rabin aikin gyara mazaunin madubin ne, shi ya sa a nan zan fi daɗewa.

Fara da gane irin madubin da motarka ke ɗauka

Tsofaffi sosai, irin Datsun 620 ta shekarun 1970, da Toyota Hilux ta farko-farko wadda ta fara fitowa a 1968, da Peugeot 404 da 504, galibi madubinsu a jikin fatar ƙofa ake ɗaure shi daga waje da sukuru biyu ko uku. Waɗanda suka biyo baya da yawansu madubin yana zaune ne a kusurwar gaba ta taga, wurin nan mai siffar alwatika, notocinsa suna ɓoye ta ciki. Akwai kuma mai dogayen hannuwan ƙarfe, wanda ake kafa ƙafarsa ɗaya a saman ƙofa ɗaya a ƙasan taga, irin da aka saba gani a manyan Ford da Chevrolet na Amurka da duk motar da ke ɗaukar kaya mai faɗi.

Idan ka ga ramukan da aka toshe a saman mudugad na gaba, kada ka yi mamaki. Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin Japan a can gaba ake kafa musu madubi, sai a 1983 dokar ƙasar ta yarda da na ƙofa. Irin wannan mota ƙofarta ba ta da wurin madubi ko kaɗan, dole sai ka huda da kanka.

Abu biyu za ka duba kafin ka sayi sabo. Na farko, ɓangaren da sitiyari yake. Madubin motar da sitiyarinta ke dama da na wadda sitiyarinta ke hagu sukan yi kama kamar tagwaye, amma karkatar gidansu ta bambanta, sai ka ɗaura ka ga duk yadda ka juya gilashin ba ya kaiwa inda kake so. Na biyu, tazarar ramuka. Ka cire tsohon ka tafi da shi, ko ka ɗora takarda a mazauninsa ka zana ramukan da fensir. Awo da ido shi ke sa mutum ya dawo gida ya fara ƙara sabon huji kusa da tsoho, ƙarfen ya ƙara rauni.

Kayan aiki

Ba su da yawa: sifana da soket masu lamba 8, 10 da 12, sukudireba mai bakin gicciye da mai faffaɗan baki, filaya, guduma ƙarama, tef ɗin takarda irin na masu fenti, samfefa, man fesawa mai narkar da tsatsa, ɗan giris, fentin share fage mai hana tsatsa, da tocila. Idan za a yi huji, sai injin huda ƙarfe da tsinkensa na milimita 3 da na 6.5. Motocin Japan da yawancin na Turai da milimita ake auna notocinsu, kuma lamba 10 ita ce za ta fi yi maka aiki a ƙofa. Tsofaffin motocin Amurka kuwa da inci aka yi su, za ka buƙaci irin su 3/8 da 7/16. Kada ka tilasta sifanar milimita a kan notin inci don ta kusa daidai, kan notin za ta cinye.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: sukurun gicciye na motocin Japan yankansa ya ɗan bambanta da na sukudireban da aka fi sayarwa. Shi ya sa sukudireban ke yawan zamewa yana lalata kan sukurun. Idan ka samu wanda aka yi a kan ma'aunin JIS, wato ma'aunin masana'antun Japan, ka saya ka ajiye. Idan babu, ka zaɓi wanda ya cika bakin sukurun sosai, ka danna da ƙarfi fiye da yadda kake murɗawa.

Cire tsohon madubi

Ka ajiye motar a wuri mai lebur, ka ja birkin hannu. Idan madubin na lantarki ne, ka cire kan batir mai alamar ragi tukuna. Tun da daddare ka fesa man tsatsa a kan duk sukurun da idonka ke gani, ka bar shi ya kwana yana ratsawa. Ka manna tef a kewayen gindin madubin domin idan sukudireba ya kuɓuce kada ya karce fenti.

Mai sukuru a waje, kwancewa kawai za ka yi. In ya ƙi, ka kafa sukudireba a kansa ka ɗan bubbuga ƙeyar sukudireban da guduma, girgizar takan karya riƙon tsatsa. Ka gwada ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan sannan ka dawo baya, ka riƙa kai da kawowa kana ƙara mai. Akwai sukudireban bugu, wanda yake juyawa da kansa idan an doke shi da guduma. Yana aiki ƙwarai, amma a fatar ƙofa a yi hattara, bugu mai nauyi yana lotsa ta. Wuta kuwa kada ka kusanto da ita nan: ga fenti, ga gilashi, ga roba. Idan kan sukurun ya riga ya cinye, ka huda tsakiyarsa da tsinken da ya kai kaurin jikinsa har kan ya fita, ka ɗaga madubin, sannan ka kama guntun da ya rage da filaya ka murɗe.

Mai zama a kusurwar taga, ka fara ɓalle murfin robar da ke ciki da faffaɗan sukudireba wanda ka naɗe bakinsa da ƙyalle. Sau da yawa notoci uku ne a bayansa. Ka cusa tsumma a ramin da ke ƙarƙashinsu kafin ka taɓa su, domin notin da ya faɗa cikin ƙofa sai an buɗe ƙofar gaba ɗaya ake ganinsa, in an bar shi kuma ya yi ta ƙara a duk ramin da mota ta faɗa. Noti na ƙarshe ka kwance shi hannunka ɗaya na riƙe da madubin ta waje.

Buɗe cikin ƙofa

Ko da madubin zai ciru ba tare da an buɗe ba, ni shawarata ka buɗe. Ba za ka san halin da ƙarfen yake ciki ba sai ka gan shi ta baya.

Ka kwance sukurorin matashin hannu da na kewayen hannun buɗe ƙofa. Hannun murɗa gilashi a yawancin waɗannan motoci wani ɗan ƙarfe mai siffar takalmin doki ne ke riƙe da shi ta baya. Ka tura kwalin ƙofar ciki kaɗan, ka zura gefen tsumma tsakanin hannun da kwalin, ka riƙa ja hagu da dama har tsumman ya kamo ƙarfen ya fizgo shi. Yana tsalle, don haka ka tare da tafin hannu. A wasu motocin sukuru ɗaya ne a tsakiyar hannun, a ƙarƙashin ɗan murfi.

Shi kwalin kilif-kilif ne ke riƙe da shi a gefuna. Ka fara daga kusurwar ƙasa, ka zura abu mai faɗi dab da kowane kilif sannan ka ɓanɓara. Idan ka ɓanɓara daga tsakanin kilif biyu, tsohon kwali da ya sha danshi yagewa zai yi. Bayansa akwai leda da aka manna da baƙin danƙo. Ka ɗaye ta a hankali daga sama, iya inda kake buƙata, kada ka yaga ta kuma kada ka yar. Ruwan sama kullum yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa, haka aka ƙera ta, kuma wannan ledar ce ke hana shi jiƙa kwalin.

Gyara mazaunin

Yanzu ka haska tocila ka dubi wurin ta ciki da ta waje. Ka danna kewayen ramukan da babban yatsa. Idan ƙarfen yana lotsawa yana dawowa, ko ka ga siririn tsagu ya taso daga bakin rami, ka gano dalilin rawar madubinka.

Ka goge tsatsar da samfefa har sai farin ƙarfe ya bayyana, ciki da waje. Ka share ƙurar, ka shafa fentin hana tsatsa, ka bari ya bushe sosai kafin ka ɗora na launi. Wurin da gindin madubi zai rufe ne, ba sai ya yi ƙyalli ba, amma kada ka bar ko ɗigon ƙarfe tsirara. Tsagu ƙarami, ka huda ɗan rami na milimita 3 daidai inda ya ƙare, wannan yana hana shi ci gaba da tafiya. Idan tsatsa ta cinye wurin har yatsa na shiga, aikin ya wuce na gida, sai mai walda ya yanke ya sa faci.

Sai babban abin, wato farantin goyon baya. Ka samu guntun ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3, wanda ya ɗan fi gindin madubin faɗi da tsawo. Ka zana ramukan a kansa, ka huda, ka goge kaifin gefunansa da kusurwoyinsa, ka ɗan lanƙwasa shi ya bi siffar ƙofar, ka yi masa fenti. Wannan farantin zai zauna ta ciki, fatar ƙofa ta kasance a matse tsakaninsa da gindin madubi. Maimakon nauyin madubin da bugun iska su taru a bakin ƙananan ramuka biyu, sai su bazu a wuri mai faɗin tafin hannu. Ƙofofi da yawa sun zo da irin wannan ƙarin ƙarfe daga kamfani, har da noti a manne, amma a daidai wurin madubin asali kawai. Duk wanda ya matsar da madubi gaba ko baya ya bar wannan gata.

Na ga mutane suna maganin ramin da ya buɗe da sukuru mafi kauri, in shi ma ya saki a ƙaro wanda ya fi shi. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Sukuru mai cin ƙarfe da kansa zagaye ɗaya ko biyu kawai yake kamawa a irin wannan fata, girgiza kuma kullum tana faɗaɗa ramin. Bol da noti su ne magani. Inda hannu ba ya kaiwa ta baya, akwai noti mai kama da ribit da ake cusawa daga waje a matse shi ya kama fatar. Na bol mai milimita 6 ramin milimita 9 yake so. Ya fi sukuru nesa ba kusa ba, amma bai kai faranti ba.

Idan sai an yi sabon huji

Wannan aikin mutum biyu ne. Ka zauna a kujerar direba yadda ka saba zama, wani ya riƙe madubin a jikin ƙofa yana matsar da shi har ka samu wurin da kake gani sosai ba tare da ginshiƙin gilashin gaba ko firam ɗin taga ya tare ka ba. Ɓangaren fasinja ya fi wuya, a ba shi lokaci. Idan ƙofar na da ƙaramar tagar iska mai juyawa, a buɗe ta gaba ɗaya a tabbatar ba ta bugun madubin. A buɗe ƙofar ma har ƙarshe a ga ko madubin zai taɓa wani abu.

Ka manna tef a wurin, ka yi alamar ramukan a kan tef ɗin. Kafin ka taɓa injin huji, ka leƙa ta ciki ka ga abin da ke bayan alamar: hanyar da gilashi ke bi, sandunan makulli, ko wayoyi. Sannan ka murɗa gilashin sama har ƙarshe. Na taɓa ganin an huda ƙofa gilashi yana ƙasa, tsinken ya faɗa ciki ya taɓa shi, nan take ya tarwatse kamar tsakuwa. Garin neman gira aka rasa ido, kuma gilashin tsohuwar mota ba ko'ina ake samunsa ba.

Ka dasa ƙusa mai tsini a kan alamar ka ɗan buga sau ɗaya, don tsinken ya samu wurin tsayawa. Ka zura guntun tiyo a jikin tsinken, ka bar kamar milimita 5 kawai a waje, yadda ko ya ɓula ba zai nutse ba. Fara da na milimita 3, sannan na 6.5, a hankali ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Ka goge bakin ramin, ka shafa fenti a cikinsa. Garin ƙarfen da ya zuba cikin ƙofa ka kwashe shi da mayen ƙarfe, wanda ya zuba a kan fenti kuma ka hure shi, domin da ya sha raɓa zai bar ɗige-ɗigen tsatsa.

Ɗaurawa

Tsakanin gindin madubi da fenti dole a samu shimfiɗar roba. Idan sabon bai zo da ita ba, ka yanko daga tsohon tiyub ɗin taya daidai siffar gindin. Tana hana ruwa shiga, tana shanye girgiza, tana kuma raba ƙarfe da ƙarfe. Bol ɗin da ba ya tsatsa ya fi, tare da washa da noti mai zoben roba a ciki, wanda ba ya kwancewa da kansa. Ka lura da tsawon bol ɗin, kada ya yi tsawon da zai karci gilashi idan an sauke shi.

Ka sa dukkan notocin da hannu tukuna, kowanne ya kama zagaye uku ko huɗu, ka daidaita zaman madubin, sannan ka riƙa ɗaure su bi da bi kaɗan-kaɗan. Bol mai milimita 6 ba ya son ƙarfi. Ka riƙe sifanar kusa da kanta, da ka ji robar ta matsu kuma madubin ya daina motsi, ka ƙara ɗan kaɗan ka tsaya. Wuce haka yana lotsa fatar ƙofa, ko ya fasa gindin madubin, wanda sau da yawa da narkakken ƙarfe mai saurin karyewa ake yin sa. Mai dogayen hannuwa kuwa, ka bar duk gaɓoɓinsa a sake har sai ƙafafun sun zauna, sannan ka ɗaure daga jikin ƙofa zuwa waje.

Madubi na lantarki ƙananan injina biyu ne a cikinsa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, kuma yawanci wayoyi uku ne: kowane inji da tasa, ɗaya ta tarayya. Mai ɗumama gilashi yana da ƙarin biyu. Ka bi da wayar ta inda tsohuwar ta bi, ka ɗaure ta nesa da hanyar gilashi. Ka mayar da kan batir ka gwada tun kafin ka rufe ƙofar. Idan bai motsa ba, ka duba fis, sannan ka duba cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. A nan wayoyi suka fi karyewa, saboda shekara da shekaru ana buɗewa ana rufewa.

Tunda ƙofar na buɗe

Kada ka yi saurin mayar da kwali. A ƙasan ƙofa akwai ƙananan ramukan fitar ruwa, laka takan toshe su, daga nan tsatsa ke fara cin ƙofa daga ciki. Ka zokale su da waya. Ka goge tsohon giris da ya daskare a haƙoran injin ɗaga gilashi ka sa sabo, ka ɗiga mai a gaɓoɓin makulli.

Sannan ka buɗe ƙofar rabi, ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama. Idan ka ji tana wasa, ƙusar hinji da zoben da take juyawa a ciki sun cinye. Ƙofa mai wasa tana girgiza madubi komai kyan ɗaurinsa. A motoci da yawa ana iya fitar da ƙusar a sa sabuwa da sabon zobe: a tallafi ƙofar da jak da katako a ƙarƙashi, wani ya riƙe ta, a yi hinji ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. Ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin ginshiƙi shi ma ana sassauta shi a matsar da shi ciki kaɗan idan ƙofar ba ta matse robarta, amma ka zana alamar inda yake kafin ka kwance.

Bayan haka ka sauke gilashi ka ɗaga sau biyu ko uku kana saurare, ka mayar da leda ka danne danƙonta, ka mayar da kwali. Ɗan ƙarfen hannun murɗa gilashi a jikin hannun ake fara sa shi, sai a tura hannun ya shige da ƙara ɗaya.

Idan gilashin kawai ya fashe, ko kan madubin ke faɗuwa

Ba sai an sauya duka ba. Ka sa safar hannu, ka rufe fasasshen gilashin da tef, ka ɗumama shi da na'urar busar da gashi har gam ɗin ya yi laushi, ka ɓanɓare. Ka goge wurin tas, ka manna sabo da tef mai gam fuska biyu irin na waje. Idan silikon za ka sa, ka guji mai warin tsami, yana cin rufin bayan madubi ya bar baƙaƙen tabo. Kan da ke sunkuyawa da kansa kuma, ka duba ƙarƙashinsa ko bayan gilashin, galibi akwai sukurun da ke matse ƙwallon da yake juyawa a kai.

Ka san irin gilashin da kake sawa. Shimfiɗaɗɗe yana nuna nisa yadda yake amma filinsa kaɗan ne. Mai ɗan tudu yana nuna fili mai faɗi, sai dai yana ƙanƙanta abu, motar da ke dab da kai ka ɗauka tana nesa. Shi ya sa aka fi sa mai tudun a ɓangaren fasinja.

Saiti da gwaji

Ka gyara kujera tukuna, ka zauna yadda kake tuƙi. Ka juya kowane madubi har gefen motarka ya rage ɗan siriri a bakin ciki, inda hanya ta haɗu da sama kuma ya zo wajen tsakiyar gilashin. Mutane da yawa suna cika rabin madubi da jikin motarsu, alhali ba ita ce za ta buge su ba. Ka sa wani ya zagaya bayan motar a ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, kana kallo, ka lura da inda yake ɓace maka. Idan wurin na da faɗi, ɗan ƙaramin madubi mai tudu da ake mannawa a kusurwar waje yana rufe shi. A maimaita wannan gwaji idan an yi lodi, domin bayan mota yana sauka, saitin ya canza.

Sai ka fita da ita, ka bi hanya mai gargada, ka kuma bi mai santsi da ɗan gudu. Idan har yanzu hoton na rawa, ka tsaya, injin na aiki, ka dafa gindin madubin, sannan hannunsa, sannan kansa. Inda ka dafa rawar ta tsaya, nan ne sakin yake. Bayan mako guda ka sake bin notocin da sifana, domin sabuwar roba takan kwanta ta bar ɗan sarari.